Maganin "Sai Gobe" Ga Mai Neman Ilmi

Akwai wata cuta da ke kama ɗalibai, manya da yara, wadda ba ta sa zazzaɓi ko ciwon kai, amma ta kan cinye wa mutum shekara guda bai sani ba. Sunanta "sai gobe". Ɗalibi ya kan ɗauko littafi ya dubi kaurinsa, sai zuciyarsa ta karye, ya mayar cikin gafaka ya ce sai ya sami sarari. Sararin nan kuwa ba ya zuwa, har jarrabawa ta ƙarato, sa'an nan ya kwana bai runtsa ba yana neman ɗura karatun wata shida a dare ɗaya. Masu iya magana sun ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

A ƙasar Italiya, wajen ƙarshen shekarun 1980, cutar nan ta kama wani ɗalibin jami'a mai suna Francesco Cirillo. Da abin ya dame shi, sai ya ɗauko wani ɗan agogo mai siffar tumatir, irin wanda a ke auna lokacin dahuwar abinci da shi, ya murɗa shi, ya yi wa kansa alkawari ba zai ɗaga kai daga littafi ba sai ya buga. Daga nan dabarar ta samo sunanta, watau Pomodoro, wanda shi ne tumatir da harshensu.

Ga yadda a ke yi. Mutum ya zaɓi aiki guda ɗaya tak, ya sa agogo minti 25, ya duƙufa. In wani tunani ya faɗo masa, ya rubuta a gefen takarda ya ci gaba. Wayar hannu kuwa a kife ta nesa. Da agogo ya buga sai ya tashi ya miƙe ƙafa minti 5. In ya yi zama huɗu, ya huta minti 15 zuwa 30. Zama huɗun nan minti 100 ke nan na karatu tsantsa, cikin abin da bai cika awa biyu ba.

Asirin abin shi ne, farawa ita ce mai wuya. Wanda ke tsoron littafi mai shafi ɗari uku ba ya tsoron minti 25, in kuwa ya fara, nauyin ya kan ragu. Har wa yau, tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi zama a kai bisa wanda aka tara a zama ɗaya.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malam ba ya ɗora wa yaro izu sittin gaba ɗaya. Gwargwadon ƙarfinsa a ke rubuta masa a allo, ya biya da asuba, ya koma da la'asar, ya sake da dare, sai ya riƙe kana ya wanke a ƙara masa. Ko wane izu ma an kasa shi sumuni takwas, watau sumuni 480 ke nan duka, kuma da ɗaya ɗaya alarammomi su ka kai ƙarshe.

Sabo da haka minti 25 ba farilla ba ne. Wanda ya ga sun yi masa yawa ya fara da 15, wanda ba shi da agogo ya iyakance wa kansa shafi biyu tsakanin Magariba da Lisha. Sharaɗin dai shi ne a yanka aikin ƙanana, a tsare lokacinsa, kuma zaman farko ya kasance yau.

Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin.