Abincin da Ake Ƙaurace wa Yayin Shan Maganin Gargajiyar Sin

A wurin masu maganin gargajiya na ƙasar Sin, ba da magani ba ya cika sai an faɗa wa mara lafiya abin da zai ɗauke wa baki. Wannan ƙa'ida, wadda suke kira jikou, tsohuwa ce. Tun wajen shekara ta 200 Miladiyya, likita Zhang Zhongjing ya bayyana a littafinsa Shanghan Lun cewa wanda ya sha haɗin kirfa da citta saboda mura da zazzaɓi ya bi bayansa da kunun shinkafa mai zafi. Ya kuma hana shi ɗanyen abinci, da mai sanyi, da nama, da giya, da kayan madara, da dangin tafarnuwa.

Dalilin masu maganin shi ne sun kasa abinci da cututtuka zuwa masu zafi da masu sanyi. Kankana da kokwamba sanyi ne da su. Barkono, citta da naman rago kuwa zafi. Saboda haka mai ciwon sanyin ciki a kan raba shi da kankana, mai ƙuraje ko zafin maƙogwaro kuma da yaji da soye-soye. Ke nan hanin da aka yi wa wani ba lalle ya hau kan wani ba.

Wasu daga cikin sharuɗɗan al'ada ce kawai, amma wasu likitancin zamani ya ƙarfafa su. Shayi mai kauri na rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka ba ya tafiya da maganin ƙarin jini. Gancao, saiwa mai zaƙi da ke shiga haɗe-haɗe da yawa, tana tara gishiri da ruwa a jiki, ta ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha. Tsiron mahuang na sa bugun zuciya ya yi sauri, in kuma ya gamu da gahawa, shayi ko goro abin ya ƙaru. A 2004 Amurka ta haramta ƙwayoyin ƙarin kuzari da rage ƙiba masu ɗauke da sinadarinsa.

Haɗari mafi girma shi ne gwama maganin gargajiyar da maganin asibiti. Tsirran danshen da danggui na ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har su jawo zubar jini. Duk mai hawan jini, ciwon ƙoda ko juna biyu ya fara nuna wa likita ko mai harhaɗa magani kwalin maganin gargajiyar kafin ya kai bakinsa.