Daga Samaru Zuwa Gonar Talaka: Da Wane Mudu Za Mu Auna?

'Yan'uwa, in an ce jami'a ta yi bincike ta gano sabon iri, mu mutanen Gwarzo da Kabo tambayarmu ɗaya ce: ya iso gonarmu? Wannan tambaya ita ce masana ke ta kai da komo a kanta a ƙasashe da yawa.

A Amurka, tun shekarar 1980 aka yi dokar da ta ba jami'o'i ikon mallakar abin da malamansu suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati. Sai jami'o'i suka buɗe ofisoshi na musamman don miƙa wa kamfanoni wannan fasaha. Yadda ake auna ofisoshin shi ne a ƙirga takardun mallaka nawa suka samu, kamfanoni nawa suka sayi izinin amfani da su, kuɗi nawa suka shigo. A nan Nijeriya ma hukumar NOTAP ta fara kafa irin waɗannan ofisoshi a jami'o'i daga 2006.

Wannan ƙirga yana da amfaninsa, amma bai kai ga manomi ba. Kamfani yana iya sayen izini, ofis ya rubuta nasara, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta kai Getso ko Garo ba.

Mu dubi Samaru. An kafa tashar binciken noma a can a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin da ta fitar ana gane shi da sunan da ya fara da SAM. A 2019 aka amince da wake SAMPEA 20-T, wanda ke jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, har feshi ya ragu zuwa sau 2 a damina. Aiki ne babba. To amma manomin da bai sami irin a kusa da shi kafin shuka ba, feshinsa yana nan yadda yake.

Ga kuma buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu, ba a sa magani ba. Masu aikin ba su tsaya a kan takarda ba. Sun sa an yi buhun a Kano, sun nemi 'yan kasuwa masu sayarwa, sun bi ƙauyuka suna ɗaure wake a gaban jama'a, bayan watanni su dawo a kwance kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna ganin mudun da ya dace tambayoyi 4 ne. Abin ya iso kasuwar kusa a kan lokaci? Talaka yana iya sayensa? Wanda ya gwada bana ya sake nema baɗi da kuɗinsa? Buhu nawa ya ƙaru, bayan an cire kuɗin taki da magani? Ta ukun ta fi nauyi, domin manomi ba ya komawa ga abin da ya cuce shi.

Mu ma muna da aiki. Ƙungiyoyin manoma da zumuntar mata su ajiye littafi: sunan iri, ranar shuka, abin da aka kashe, abin da aka girbe. In malamin gona na KNARDA ya zo, a ba shi lissafin ya kai gaba. Ta haka masu bincike za su san abin da ya karɓu da wanda ke bukatar gyara, mu kuma mu san irin da za mu nema tun kafin ruwan farko ya sauka.