Gamalin A Tafkin Kainji: Gubar Da Ba Irin Ta Fim Ba Ce

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san yadda guba take aiki a fim. Kishiya za ta waiga hagu, ta waiga dama, ta kwance ƙullin leda ta barbaɗa a miya. Loma ɗaya ko biyu, sai ka ga mutum ya dafe ciki, kumfa na fita ta baki, kiɗan tausayi ya tashi. Kafin a canza sin an yi jana'iza. Shi ya sa da yawa daga cikin 'yan kallo suka ɗauka cewa abin da ka ci ka kwana lafiya ba guba ba ne. To, akwai wadda ba ta yin wannan gaggawar, kuma labarinta ya taɓo kasuwar kifin Yawuri a Jihar Kebbi.

Tun da aka tare kogin Kwara da madatsar Kainji a 1968, ruwa ya malale ya zama tafkin da ya taɓo Ngaski da Yawuri, su ya zama abincin dubban gidaje daga Wara har Shanga. Gungawa da Sarkawa da baƙin masunta suna kamo giwan ruwa, ƙarfasa, tarwaɗa da kurungu. A yi banda, a ɗure a kwali, mota ta kwasa zuwa birane. Ƙila ma wanda ake ci a lokeshin a Kano daga can ya fito.

Mafi yawan masuntan nan da taru da ƙugiya da gora suke neman halaliyarsu. Amma masu binciken kiwon kifi a Nijeriya sun daɗe suna kuka da wasu 'yan tsiraru masu son banza, waɗanda ke tuttula maganin ƙwari a lungun ruwa, kifi ya taso sama jiri na ɗibarsa, su bi da kwando suna tsinta. Maganin da ya fi yin suna a wannan ta'asa shi ne Gammalin 20, wanda jama'a ke kira gamalin. Asali don feshin koko aka kawo shi ƙasar nan. Sinadarin da ke cikinsa sunansa lindane. Wasu kuma ba a ruwa suke zubawa ba, a kan busasshen kifi suke yayyafa maganin ƙwari don kada tsutsa ta ɓata masu kaya. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya, sai dai ruwa na da faɗi, ma'aikata kuwa kaɗan ne.

Idan ka yi wa mai wannan aiki magana, amsar ɗaya ce: ai an daɗe ana ci, wa ya mutu? Nan ne maganar gwaji ta shigo.

Masana suna auna guba ta fuska biyu. Ta farko ita ce mai kama da ta fim, wato nawa ne zai kashe nan take. Akan ba ɓeraye sinadarin, kowane rukuni da nasa awon, a ga adadin da ya kashe rabinsu. Idan kifi ne, a sa su a tankunan gilashi, a zuba maganin daidai gwargwado, a zauna ana ƙirga matattu har awa 96. A wannan gwajin lindane ba ya ɓoye halinsa: ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, mutum kuma idan ya sha da yawa jijiyoyinsa yake bugawa, ga amai, ga jiri, ga jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ta biyun ita ce mai cin rai, domin ciwon daji ba ya fitowa a mako guda. Akan ware ɓeraye, maza 50 mata 50 a kowane rukuni, a riƙa saka masu sinadarin a abinci kullum har shekara 2, wanda kusan iyakar rayuwar ɓera kenan. Gefe guda akwai rukunin da ba a ba su komai ba, don a samu abin kwatantawa. Daga ƙarshe a feɗe su ɗaya bayan ɗaya, a duba hanta da ƙoda da huhu a madubin likita, a ƙirga ƙari. Shekara biyu fa ana ciyar da ɓera ana rubuta nauyinsa! Ko furodusan da ya fi kowa haƙuri da jan aiki ba zai iya wannan zama ba. A irin wannan gwaji aka ga lindane yana haddasa ƙari a hantar ɓeraye.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a gwada guba a jikin ɗan Adam da gangan. Saboda haka sai aka koma bin diddigin manoman da suka yi shekaru suna feshi da shi a Amurka da Kanada, ana kwatanta su da waɗanda ba su taɓa shi ba. Sakamakon ya nuna ƙarin kashi 60 cikin 100 na haɗarin kamuwa da wani nau'in dajin da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki, irin wanda kan fara da kumburin kaluluwa. A watan Yuni na 2015, hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta tara masana 26 daga ƙasashe 13, suka auna hujjojin, suka saka lindane a rukuni na 1. Wannan shi ne rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, inda taba sigari take.

A nan sai a yi hattara da fassara. Shiga rukuni na 1 ba ya nufin duk wanda ya taɓa cin gurɓataccen kifi sau ɗaya ya kamu. Yana nufin abin yana iya haddasa ciwon, girman haɗarin kuma ya danganta da yawan abin da ya shiga jiki da tsawon lokacin da ya ɗauka yana shiga. Waccan kashi 60 ɗin ma a kan masu feshi aka samo ta, ba masu cin kifi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne lindane yana son kitse, yana maƙalewa a jikin kifi, kuma ɗauraya da ruwa ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga tsoka. Gidan da kifi ne cefanen safe da na dare, su ne a gaba, tare da wanda ke tsoma hannu yana dama maganin ba safa ba takunkumi.

Hukuma dai ba ta jira 2015 ba. NAFDAC ta saka lindane cikin magungunan gona 30 da ta haramta a 2008, sannan a 2009 ƙasashen duniya suka shigar da shi jerin haramtattu a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Sai dai fa haramta suna guda ba ya hana mai son banza ɗauko wata kwalba. A 2019 NAFDAC ta sake hana sayar da ƙananan kwalaben irin su Sniper a kasuwa, wanda shi ma an sha kama masu zuba shi a wake da kayan abinci.

Marubutanmu da ke cewa labari ya ƙare sai na kishi da gado, ga wani. A Amurka an yi fim ɗin Erin Brockovich a 2000, kan wata ma'aikaciyar ofishin lauya da ta bi gida-gida a garin Hinkley tana tattara takardun asibiti, bayan wani sinadari ya gurɓata ruwan shansu. Kamfanin da aka kai ƙara ya biya dala miliyan 333 a 1996, Julia Roberts kuma ta ci kyautar Oska da wannan rol. Babu bos mai bindiga a ciki, mugun a ruwan famfo yake.

Daraktan da zai gwada nasa yana da kwale-kwale da tsibirai da kasuwar Yelwa a Yawuri, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa, kusa da madatsar, inda zai samu masanan da za su gyara masa labarin. Abin da zai ba shi wuya shi ne sin ɗin cin abincin, domin jarumin zai cinye kifinsa tas, ya wanke hannu, ya tashi garau, sai bayan shekaru ya fara jin kumburi a wuya.