Kafin Mu Sayi Katin Hotuna, Mu Buɗe Kwamfutar

Da yawa daga cikinmu kwamfutar hannu muke da ita, irin tsofaffin Dell OptiPlex da HP da suka gama aiki a ofisoshi. Wajen rubutu ba su da matsala, amma da an kunna wasa ko an fara haɗa bidiyo sai su riƙa sarƙewa. Sau da yawa maganin shi ne katin hotuna, na'urar da ke zana abin da muke gani a allo. Sai dai kuɗin da muka daɗe muna tarawa kan salwanta idan katin bai dace da kwamfutar ba.

Da farko mu karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar kwamfutar. Ƙananan kwamfutocin ofis da yawa ƙarfinsu bai wuce wat 240 ba, kuma ba su da wayar da manyan katuna ke buƙata. Gurbin PCIe da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa. Yawancin GTX 1050 Ti na 2016 wannan wutar ta ishe su, shi kuwa GT 1030 na 2017 wat 30 yake ci.

Na biyu, siririyar kwamfuta gajeren kati kaɗai take ɗauka, don haka mu auna tukuna.

Na uku, GT 1030 iri biyu ne masu suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4. Na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba. Mu duba kwalin da kyau, mu kuma sa mai shago ya kunna katin a gabanmu kafin mu biya.