Gawayi Da Yashi: Agogon Da Ke Binne A Ƙasa

Idan garmar manomi a Matsinkai ta tono tsingaro, ko gatarin dutse irin wanda ake kira gatarin aradu, tambayar farko ita ce, shekarunsa nawa? Sau da yawa amsar tana ga abin da ke kwance tare da shi a ƙasa, musamman gawayi. Shi ya sa wanda ya ɗauke shi zuwa gida ya raba shi da shedarsa.

A ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Benin, akwai wani tsohon kufai a Birnin Lafiya, kusa da Kogin Kwara. Daga 2011 ayarin masana a ƙarƙashin Anne Haour suka haƙa shi, suka iske daɓen da aka yi da tsingaro. Gwaji ya nuna an zauna wurin daga ƙarni na 4 zuwa na 13 Miladiyya.

Ga yadda gwajin yake. Kowace bishiya tana zuƙar wani sinadari mai suna kabon-14 muddin tana raye. Da ta mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na ɓacewa duk shekara 5,730. Abin da ya saura a gawayinta shi ke nuna daɗewarsa. Sai dai fa bayan shekara 50,000 ba ya ragowar abin aunawa, alhali tarihin ɗan Adam ya zarce nan nesa.

A nan ake komawa ga yashi. Tun ranar da ƙwayar yashi ta rabu da hasken rana take tara wani ƙarfi daga ƙasar da ta rufe ta. A ɗakin gwaji ana haska ta, ita kuma ta saki ƙyalli gwargwadon daɗewarta. Dole a ɗebo ta cikin bututu, don rana na taɓa ta lissafi ya goge. Da wannan dabara aka auna kogon Blombos na Afirka ta Kudu, inda aka samu kwanson teku hudaddu, masu kama da wuri, na wajen shekara 75,000. Mai huda kwanso don ado kuwa, ya riga ya san alama da ma'ana kamar mutanen yau.

Nijeriya ma tana da nata abin mamaki. A 1965 Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal a Iwo Eleru, kusa da Akure. Awon 2011 ya ba ƙoƙon kansa kimanin shekara 13,000 kacal, amma ƙirarsa ta fi kama da ta mutanen da suka girme shi da dubban shekaru masu yawa. Masana na ta muhawara a kan dalili.