Inshorar Lafiya: Ta Ina Tsoho Zai Fara?

Duk wanda ya buɗe famfo a wasu unguwannin Minna, akwai alamar ruwan Tagwai yake sha. An gina madatsar ruwan a ƙarshen shekarun 1970, jim kaɗan bayan da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976. Samarin da suka ga zuwan motocin ƙasa a wancan lokaci, yau su ne dattawan ƙauyukan da ke kewaye da ita, Gwarawa manoman doya da dawa, da masunta, da tsofaffin ma'aikatan da suka aje aiki suka koma gona. Ƙarfi ya ja baya, hawan jini da ciwon sukari da yanar ido sun matso, ga shi kuwa a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen magani daga aljihun majinyaci yake fitowa. A ƙauye ma'anar wannan ita ce a sayar da akuya, ko a taɓa irin doyar baɗi.

Maganar inshorar lafiya ba sabuwa ba ce. Tun 1962 Ministan Lafiya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai ta gaban majalisa a Ikko, amma ba ta sami shiga ba. Sai a 1999 wani ɗan Minna, watau Janar Abdulsalami Abubakar, ya sa hannu a kan Doka ta 35 wadda ta kafa shirin, Shugaba Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Yuni na 2005. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa: ma'aikaci da matarsa guda da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mahaifinsa da mahaifiyarsa ba sa ciki. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da zarar mutum ya yi ritaya sai sunansa ya fita, a daidai lokacin da ya fara bukatar likita. Manomin Tagwai kuwa, wanda bai taɓa karɓar albashi ba, ko labari bai ji ba.

Dokoki biyu ne suka sake al'amarin. Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wajen rabinsa ya tafi ga biya wa marasa ƙarfi inshora. Ba a sa kuɗin cikin kasafi ba sai a 2018, kuma Neja na cikin jihohi uku da aka fara gwajin shirin, tare da Abiya da Oshun. Ta biyu ita ce wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ran 19 ga Mayu, 2022, wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma ambaci tsofaffi a fili cikin waɗanda gwamnati za ta ɗauke wa biya, tare da masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da naƙasassu, da matalauta. A Jihar Neja, hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce wadda aka fi sani da NiCare, an kuwa kafa ta a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello.

To, amma doka daban, kati a hannu daban. Tsohon da ke son shiga, abu na farko da za a tambaye shi shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Wanda aka haifa kafin samun mulkin kai a ƙauye ba shi da takardar haihuwa, abin da ya sani kawai shi ne an haife shi shekarar fari ko zamanin sarki wane. Dole a kai shi ya yi rantsuwar shekaru a kotu, sa'an nan a je wurin ɗaukar hoto da zanen yatsu, inda sau da yawa na'ura takan ƙi karɓar yatsun da fartanya ta shekara hamsin tana goge su. Wannan aikin 'ya'ya ne da jikoki, kuma ya kamata su lura sunan da aka rubuta a takarda ɗaya ya dace da na ɗayar, domin Mamman a nan da Muhammadu a can ya isa ya mai da mutum gida.

Daga nan sai a nufi ƙaramin asibitin mazaɓa. Jihar Neja tana da mazaɓu 274 a ƙananan hukumomi 25, kuma tsarin shi ne a zaɓi asibiti guda a kowace mazaɓa wanda kuɗin shirin zai riƙa shiga. Ba kowace ɗakin shan magani ke ciki ba, saboda haka sai a tambaya. Gurbin kyauta kuma yana da iyaka, gwargwadon kuɗin da aka saki. Akan ɗauko sunaye daga rajistar marasa galihu, da taimakon masu unguwanni da kwamitin mazaɓa. A nan ne fa ake bukatar sa ido, don tsohuwar da ba ta da ɗa a birni ba ta da mai tuna wa kowa da ita, alhali domin irinta aka yi dokar.

Wanda bai sami gurbin kyauta ba, ko ɗan fanshon da ya fita daga tsarin ma'aikata, yana iya shiga ta hanyar biyan kuɗin shekara, ko a hukumar jiha ko a shirin tarayya mai suna GIFSHIP da aka buɗe a 2020. Ɗa yana iya biya wa iyayensa, ƙungiyar gari ko ta masallaci ko ta coci tana iya biya wa dattawanta. Sai dai a sani, katin ba ya fara aiki ran da aka biya; akwai lokacin jira, don haka ba ranar da ciwo ya kwantar da Baba ake neman sa ba.

Yadda abin ke tafiya shi ne, hukuma tana biyan asibitin da mutum ya zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Shi ya sa dole a fara daga can. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su ne za su rubuta takardar turawa zuwa Babban Asibitin Minna ko wani irinsa. Wanda ya tsallake ya tafi kai tsaye, in ba gaggawa ba, shi zai biya. Kazalika ba kowace cuta shirin ke ɗauka ba. Zazzaɓin cizon sauro da awon hawan jini da na sukari suna ciki, amma manyan cututtuka masu cin kuɗi kamar daji da wankin ƙoda sai a nemi bayani tun da wuri. In kuwa aka ce babu magani, a je a saya a kemis, mai kati yana da ikon kai ƙara ga hukumar, don an riga an biya dominsa.

A Amurka, tun 1965 wanda ya cika shekara 65 yake shiga shirin gwamnati mai suna Medicare. Ghana ma, da ta kafa nata a 2003, ta yafe wa duk ɗan shekara 70 kuɗin shekara. A Nijeriya shekaru kaɗai ba su isa ba tukuna, sai an sami gurbi. Dattijon Tagwai da ke son a sa shi, sai ya aika jikansa wurin mai unguwa ya tambayo ranar da masu rajista za su zo, ya kuma ajiye lambarsa kusa.