Waƙar Gida a Kunnen Matafiyi

Da la'asar, in ciniki ya lafa a kasuwar Gudu ta Abuja, sai muryar Mamman Shata ko Barmani Choge ta fara tashi daga wayoyin 'yan kasuwa a tsakanin rumfunan kayan gyaran mota. Abuja ƙasar Gbagyi ce tun asali, kuma Hausawan da ke neman abinci a nan sun baro iyaye a Kano, Katsina ko Zariya. Idan wanda tafiyar yini guda ta raba da gida yana buƙatar kalangu haka, ina ga wanda ke Zangon Kumasi, ko Nima a Akara, ko Jidda, wanda kan shekara biyar bai ga hawan sallah ba? A wurinsa waƙa magani ce ta kewa, kuma bai kamata a raina ta ba.

Sudan ta ishe mu shaida. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su. Cikin zuriyar irin waɗannan mahajjata aka haifi A'isha Falatiya a Kassala, wadda ta fara waƙa a rediyon Omdurman a 1942, lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga mace. Ta rasu a 1974, amma ta bar wa mutanen da ake kallo a matsayin baƙi abin ɗaga kai. Yau aikin haɗa na nesa da gida ya koma YouTube da Arewa24. Yaron da aka haifa a Landan, wanda Hausarsa ke ɗingishi, yakan zauna gefen uwarsa ana kallon Daɗin Kowa ko Labarina, ya ji yadda ake gaida surukai, ya ga yadda ake durƙusa wa babba.

Akwai masu cewa kiɗa shagala ce, kuma Kannywood kwaikwayon Indiya take yi. Koken na biyu yana da ƙamshin gaskiya, kuma gyara ya wajaba a kan masu shirya fim. Amma na farko ya manta cewa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da mata, Aliyu Namangi kuma da Imfiraji ya yi wa'azi. Wasu kuma na cewa waƙa ba ta sabunta iƙama, ba ta biyan kuɗin haya. Haka ne. Sai dai leburan da ya dawo ɗaki a gajiye a Makka, babu mai ce masa sannu da harshensa, damuwarsa ma ciwo ce, kuma mutumin da zuciyarsa ta karye ba ya iya fita nema da safe. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dangi da yawa sun warwatsu, kuma cikin abin da suke tura wa juna a WhatsApp, tare da addu'a da labarin wanda ya tsira, har da waƙoƙin biki na da.